Yadda Ake Zana Tayil Ya Zama Mazaunin Tukunya Mai Zafi

Duk ɗakin da aka shimfiɗa wa leda a garin nan na Gusau, in kika ɗaga darduma ko kika ja kujera gefe, da wuya ki rasa wani zagayayyen tabo inda ledar ta yamutse ta koma ruwan ƙasa. Sawun tukunya ne. An sauke miyar sure daga wuta, tsumman riƙo ya yi siriri, hannu na ƙuna, sai aka dire ta inda aka samu. Nawa tabon yana bakin ƙofa. Butar shayi ce ta yi mini shi a wani azumi, ladan na gyaran murya, ni kuma ina sauri da faranti a ɗaya hannun.

Iyayenmu faifai suke sawa, wasu kwali, wasu guntun katako. Faifai yana yi, sai dai ba a daɗewa tsakiyarsa ta yi baƙi ta fara zubewa, kuma abin tausayi ne a ƙone aikin da wata ta yi kwanaki tana saƙawa. Shi kuwa tayil a cikin wuta aka haife shi, zafin tukunya ba ya ce masa komai. Abin da ya rage kawai a yi masa ado, a sa masa ƙafafu, ya fita daga sahun kayan gini ya shigo cikin kayan ɗaki.

Kafin mu kama aiki bari in ba ki labarin na farkon da na yi, don kada ki faɗa ramin da na faɗa. Maƙwabtanmu na gini, na aika aka kira mini yaron da ke sa musu tayil, na ce ya tara mini ragowar da ya yanke. Ya dube ni ya ce, "Hajiya, mi za ki yi da ɓaraguzai?" Na ce, "Ƙanena, kai dai kawo." Na samu fentin zane irin na 'yan makaranta, na kwana biyu ina zana dagi shuɗi a tsakiyar farin tayil, na bi shi da banish ɗin kafintoci har yana ɗaukar ido. Ranar da na ɗora masa tukunyar miya, da aka zo ɗagawa sai tayil ɗin ya biyo tukunyar. Da na ɓamɓare shi, rabin dagin na manne a gindinta. Maigida ya leƙo ya ce, "To, ai yanzu tukunyar ce ta sha kwalliya."

Darasin da na ɗauka shi ne, zanen ba shi ne wahalar wannan aiki ba. Duk macen da ta iya riƙe ledar lalle ta iya zanen. Wahalar tana wajen sa fenti ya zauna a kan gilashi kuma ya jure zafi. Ƙyallin nan da kike gani a fuskar tayil gilashi ne da aka narkar a masana'anta a zafin da ya haura digiri 1,000, ba shi da ƙofofin da fenti zai shiga ya kama. Tayil masu zane na asali, irin na garin Iznik da ke Turkiyya waɗanda sama da 20,000 daga cikinsu suka ƙawata Masallacin Sultan Ahmed na Istanbul, ana zana su ne tun kafin a zuba musu gilashin, sannan a gasa, launin ya kwanta a ƙarƙashinsa har abada. Ko a nan gida, sai da Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20, ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Abuja, Suleja ta yanzu, a 1954, sannan tukwanenta suka fara samun irin wannan ƙyalli, domin can ne ake da matoya mai kai wannan zafi. Mu a gida ba mu da ita. Namu fentin a saman gilashi yake zama, kuma duk dabarun da za su biyo baya na taimaka masa ne ya riƙe wurinsa.

Zaɓen tayil

Ki nemi fari ko ruwan madara, mai santsi, wanda ba shi da zane ko gurgura a fuskarsa. Ba sai kin sayi kwali guda ba. Masu sayar da kayan gini kan ajiye waɗanda kwalinsu ya fashe, masu sa tayil kuma kullum suna da ragowa. Girman da ya fi daɗin aiki shi ne santimita 20 kowane gefe, kuma tayil ɗin ƙasa mai 40 da 40 in aka raba shi yana ba da guda huɗu cif. Butar shayi 15 da 15 ya ishe ta. In babbar tukunyar tuwo kike nufi, ki tafi 30 da 30, kuma ki ɗauki na ƙasa, ya fi na bango kauri da ƙarfi.

Ki riƙe shi da yatsu biyu a kusurwa ki ƙwanƙwasa da cokali, kamar yadda ake ƙwanƙwasa tulu a kasuwa kafin a biya. In ya yi ƙara tangaran, lafiya lau yake. In ya yi "ɓuɓ", akwai tsaga a ɓoye, kuma a cikin oben za ta bayyana bayan kin gama wahalarki. Sai ki juya bayansa ki ɗiga ruwa. In ya tsotse nan take, to mai shan ruwa ne, zai buƙaci shanya mai kyau bayan wanki. In ɗigon ya tsaya yana kallonki, kin samu mai tauri, irin wanda ruwa ba ya shiga sosai.

Yankan ki bar wa mai sana'ar, da injinsa minti kaɗan ne. Ki dai roƙe shi ya riƙa zuba ruwa yana yanka, domin ƙurar tayil mugun abu ce ga huhu, kuma a kori yara daga wurin. Bakin da aka yanke yana da kaifi kamar reza. Ki jiƙa dutsen wasa wuƙa, ko sanfefa mai laushi, ki bi gefunan huɗu da kusurwoyi kina gogawa a karkace har sai kin iya bin su da yatsa ba fargaba. Wannan aikin minti goma ne da mutane ke tsallakewa, sai ranar da ya yanki hannun yaro ko ya yaga leda a tuna da shi.

Ki wanke da ruwa da sabulun wanke-wanke, ki ɗauraye, ki jingine shi a rana wuni guda, bayansa na kallon rana. A watan Maris ko Afrilu rabin wuni ma ya isa, da damina kuwa ki ba shi kwana biyu. Ruwan da ya maƙale a cikinsa shi ke zama tururi a oben ya fasa shi. In ya bushe, ki jiƙa auduga da sifirit irin na kyamis ki goge fuskar tas. Daga nan kada yatsanki ya sake taɓa ta, a gefe za ki riƙa kama shi. Maiƙon hannu, balle na mai shafa basilin da hunturu, ya isa ya sa fenti ya riƙa tattarewa yana gudu kamar ruwa a kan ganyen gwaza.

Maganar fenti, inda ake yin kuskure

Fentin da ake so shi ne wanda aka rubuta a jikinsa cewa na tangaran ne ko na gilashi, kuma ana gasa shi a oben ɗin gida. Wanda na fi sabawa da shi Pebeo Porcelaine 150 ne, na Faransa. Da ruwa ake wanke burushinsa, ana barinsa ya bushe awa 24, sannan a gasa minti 35 a digiri 150, abin da lambar da ke cikin sunansa ke nufi ke nan. Akwai kuma FolkArt Enamel na Amurka, wanda ake gasawa minti 30 a kusan digiri 175, ko a bar shi kwana 21 ya yi tauri da kansa ba tare da wuta ba. Kowanne kika samu, abin da ke rubuce a kwalbarsa shi ne alƙali, ya fi maganata.

Ba a cika cin karo da su a shagunan garin nan ba. Ni daga Kano ko Legas nake sa a sayo mini a ba direba a tasha, ko in yi oda ta intanet. Kwalaben ƙanana ne kuma da ɗan tsada, amma araha ba ta ado, kuma kwalba ɗaya tana zana tayil da yawa tunda siriri ake shafawa. Kada ki tara launuka goma. Shuɗi, ja, rawaya da baƙi sun isa: shuɗi da rawaya su ba ki kore, ja da rawaya su ba ki ruwan goro, farin kuma tayil ɗin ya riga ya ba ki kyauta. In da hali ki ƙara da irin wanda ke zuwa a bututu mai siririn baki don jan layi. Riƙonsa da matsa shi daidai suke da na ledar lalle.

Abin da zan hana ki da babbar murya shi ne fentin mai na gwangwani, irin na ƙofa da taga, ko ragowar na masu fentin mota. Yana kama tayil kam, kuma yana da sauƙin samu, shi ya sa yake da jaraba. Amma wasu daga cikinsu, musamman rawaya da ja, ana haɗa su da dalma, kuma ba a rubutawa a jiki. Mu mutanen Zamfara ba sai an yi mana dogon bayani kan gubar dalma ba. A 2010 ta kashe yara kimanin 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ta hanyar ƙurar dutsen zinariya da ake daka wa a cikin gidaje. Abin da zai zauna a tsakiyar tabarmar cin abinci, zafi na dukansa kullum, yaro mai rarrafe na iya ɗauka ya kai baki, ba wurin gwada sa'a ba ne. Gasa irin wannan fenti a oben kuwa haɗari ne biyu, ga hayaƙi ga gobara.

Tsara zane a takarda

A nan ne nake saɓa wa yawancin masu wannan sana'a. Su a tsakiya suke zuba ado, don ya yi kyau a hoto. Ni tsakiyar nake bari fari fat, in kai adon gefe da kusurwoyi. Lissafin mai sauƙi ne. Miya na tafasa a wajen digiri 100, gindin tukunyar da aka sauke yanzu ya ɗara haka, kaskon suya mai mai a ciki kuwa yana kaiwa 170 zuwa 190, ya wuce digiri 150 ɗin da ake gasa fentin Pebeo da shi. Ga kuma baƙin tukunya da ɗan yashin da ke manne a gindinta in a gawayi ko itace aka yi girki, waɗanda ke kankare zane duk lokacin da aka ja ta. In tukunya ta zauna a kan gilashin asali, ba abin da zai same shi, adon kuma yana leƙowa ta gefe ana ganinsa ana cin abinci. Wanda aka zana a tsakiya tukunya ce ke rufe shi, to wa aka yi wa kwalliyar?

Ki yanki takarda daidai girman tayil ɗin. Ki ɗora tukunyar da kika fi amfani da ita a tsakiya, ki zagaye gindinta da fensir. Cikin da'irar haramun ne ga fenti, wajenta gonarki ce. Za ki ga kusurwoyi huɗu sun fito kamar alwatika, da siririyar hanya a gefuna. Don zanen ya yi daidai ta ko'ina, ki ninka takardar gida huɗu, ki zana kusurwa ɗaya kawai da ƙarfi, ki buɗe, sawun fensir ɗin zai fito a sauran ukun sai ki bi.

Abin zanawa kuwa ba sai an je nesa ba. Ki dubi ƙwaryar furarki, da bakin faifai, da aska takwas ɗin da ke ƙirjin babbar rigar maigida, da zayyanar allon saukar yara. Ƙananan alwatika a jere irin na zanen ƙwarya su ne mafi sauƙi ga mai farawa. Na taɓa zana layin Dutsen Kwatarkwashi da baƙi a gefe ɗaya kawai, rana ja na faɗuwa a bayansa, na bar sauran fari, kuma shi baƙi suka fi tambaya. Dagi yana da kyau a kusurwa, sai dai yana da sharaɗi: igiyarsa hawa take tana sauka, ta bi ta saman wannan ta shige ƙarƙashin na gaba, kamar saƙar tabarma. Ki zana ta da layi biyu a takarda, ki bi mahaɗa ɗaya bayan ɗaya kina gogewa, sama, ƙasa, sama, ƙasa. In kika yi sama sau biyu a jere, ko yaro zai ga wani abu ya karkace ko da bai san mene ne ba.

Abu ɗaya kada ki rubuta: aya, ko sunan Allah, ko na Manzo, ko sunan mutum da ke ɗauke da su irin Abdullahi da Abdurrahman. Abin nan a ƙasa yake zama, tukunya ake ɗora masa, ana tsallake shi.

Mayar da zanen kan tayil ana yin sa da takardar kabon. Ki shimfiɗa ta, ki ɗora takardar zanen, ki kama gefuna da salatif, ki bi layukan da biro ba tare da dannawa sosai ba. In babu kabon, ki cika bayan takardar da baƙin fensir, aikin ɗaya ne. Layin zai fito dishi-dishi, kuma hakan ake so, domin kabon na da maiƙo, in ya yi yawa fenti ba ya hawa kansa. Layuka miƙaƙƙu kuma salatif na takarda ya fi hannu iya su: ki manna biyu a jere ki bar rata, ki danne bakinsu da farce, ki shafa fenti a tsakani, ki ɗaye tun fentin na da danshi. In kika bari ya bushe, tare za su taso.

Shafa fenti

Ki zaɓi lokacin da gida ya lafa, an yi shara ƙura ta kwanta, yara sun tafi makaranta. Ki kashe fanka. Da hunturu a cikin ɗaki za ki yi, taga a rufe, domin ƙurar da ba ki gani a iska za ki gan ta a kan jiƙaƙƙen fenti kamar an barbaɗa gero. Ki juya kwalbar da tsinke maimakon girgizawa, girgiza na kawo kumfa. Ki ɗiba kaɗan ki zuba a kan wani guntun tayil, ki rufe kwalbar nan take, don busasshiyar iskarmu ba ta yi wa fenti da wasa.

Burushi biyu sun isa, siriri mai tsini da mai faɗi kaɗan, duka masu laushin gashi. Ki fara da launi mai haske, ki ƙare da mai duhu, jan layin baki shi ne na ƙarshe. Ki fara daga gefen da ke nesa da ke kina juya tayil ɗin, don kada hannunki ya kwanta kan abin da kika gama. Shafin farko zai fito da sawun burushi, farin tayil na leƙowa ta ƙarƙashi, har ranki ya ɓaci. Haka yake. Kada ki koma ki gyara shi yana rabin bushewa, burushin zai kwashe shi ne ya bar miki rami. Ki ba shi kamar awa guda, ki sake bi da wani siririn shafi. Siriri sau biyu ya fi mai kauri sau ɗaya nesa ba kusa ba, domin mai kauri samansa ke bushewa cikinsa na nan ɗanye, in ya ji wuta sai ya yi ƙuraje. Kuma kada ki tsinka fentin da ruwa da yawa, ƙarfin kamunsa ne kike ragewa.

Ɗige-ɗige ba da burushi ake yinsu ba. Gindin ashana yana ba da ɗigo matsakaici, tsinken sakace ƙarami, gindin fensir babba. Ki tsoma, ki ɗiga, ki ɗaga a miƙe. Tsoma ɗaya ɗigo ɗaya in kina so su yi kai ɗaya, in kuma kika ci gaba da ɗigawa ba tare da sake tsomawa ba, za su riƙa ƙanƙancewa a jere, wanda shi ma ado ne mai kyau a bakin ganye.

In hannu ya goce, ba a yi asara ba. Muddin ba a gasa ba, auduga a bakin tsinke da ɗan sifirit na share kuskure, in ya bushe kuma bakin reza na kankare shi tsaf ba tare da ya ji wa gilashin ciwo ba. Da haka za ki bi ki share ragowar layin kabon bayan fentin ya bushe, domin in aka gasa da shi yakan zauna. Da kin gama, ki kife masa roba mai faɗi, ki tokare bakinta da 'yan duwatsu iska na shiga. Ƙuda ɗaya ya isa ya ɓata aikin wuni. Sai ki manta da shi har awa 24, ko fiye in damina ce.

Gashi

Doka ɗaya ce a nan, kuma ita ke raba mai tayil da mai ɓaraguzai: tayil ba ya son a ba shi mamaki. A oben mai sanyi ake sa shi, su ɗau zafi tare, su huce tare. Ki ɗora shi a kan ragar tsakiya, fuska sama, kada wani ya taɓa wani. Ki kunna, ki jira zafi ya kai digiri 150, daga lokacin ne za ki fara ƙirga minti 35 ɗin. In sun cika ki kashe, kada ki buɗe ƙofa, ki tafi harkarki har sai oben ɗin ya yi sanyi ɗungurungum. Na taɓa zumuɗin buɗewa da wuri a wata safiyar hunturu, iska ta bugi tayil ɗin, ina tsaye na ji "ƙas", ya rabe biyu ta tsakiyar zanen.

Oben ɗin gas ya fi mana kwanciyar hankali, don na lantarki in aka ɗauke wuta a minti na 15 lissafi ya rikice. Sai dai yawancin na gas ɗin da ke gidajenmu lambobi kawai gare su a maɓalli, ba sa faɗin gaskiyar zafin da ke ciki. Ki sayi ɗan ma'aunin zafi na oben wajen masu sayar da kayan kek, ki rataye a ciki. In zafi ya zarce, launuka na dafewa, ja ya koma ruwan ƙasa, rawaya ta yi duhu. Ki buɗe tagar kicin, kada ki haɗa da abinci a gashi ɗaya, kuma ki goge oben ɗin bayan kin gama.

Wadda ba ta da oben tana iya bin hanyar masu gasa kek a tukunya. A zuba yashi mai tsabta kamar kaurin yatsu uku a babbar tukunyar da aka daina girki da ita, a jera gwangwanayen madara uku da aka cire wa takarda, a ɗora tayil a kansu, a sa ma'aunin zafi a gefe, a rufe, a kunna wuta ƙasa-ƙasa. Tana yi, amma gaskiya riƙe zafi a wuri ɗaya na minti 35 a kan gawayi sai mai haƙuri, ga shi duk buɗe murfi don duba ma'auni iska ce kike shigarwa. Ki fara gwadawa da guntun da kika shafa wa ragowar fenti. In abin ya gagara, ki nemi irin fentin nan mai yin tauri da kansa a kwana 21, ki ajiye shi saman kwaba ki ƙirga kwanakin. Bai kai gasasshe ƙarfi ba, amma tunda a gefe adon yake, zai yi.

Banish kuwa, kin ji abin da ya yi mini. Fentin tangaran da aka gasa da ƙyallinsa yake fitowa, ba ya bukatar komai a kai. Duk abin da za ki shafa don "kare" shi ya fi shi saurin narkewa.

Ƙafafu

Tayil tsirara ba ya hana zafi wucewa, jinkirta shi kawai yake. In kika ɗora tukunya minti goma kika taɓa bayansa za ki ji. Ga bayan nasa da kaushi, yana karce gilashin tebur. Saboda haka dole a ɗaga shi daga ƙasa, iska ta riƙa ratsawa ta ƙarƙashi.

Na gwada abubuwa da dama. Robar tib ɗin mota daga wajen masu faci ita ce ta fi sauƙin samu, amma baƙar roba in ta daɗe a kan ledar ɗaki tana bar mata tabo rawaya da ba ya fita, kin ga an gudu ba a tsira ba. Wanda ya fi mini shi ne guntayen fata masu kauri daga wajen dukawa, waɗanda sau da yawa zubarwa suke. Ki yanka su murabba'i kamar santimita 3, ki haɗa biyu-biyu in siraran ne, har kaurin ya kai rabin santimita. Guda biyar za ki sa, huɗu a kusurwoyi, ɗaya a tsakiya. Ta tsakiyar nan kada ki raina ta: in babu ita, tukunya mai nauyi na danna tsakiyar tayil ɗin a kan iska, wata rana sai ya karye.

Gam ɗin masu gyaran takalma, irin su Evo-Stik, shi ke kama fata da tayil. Ki kakkaɓe ƙurar bayan, ki shafa siriri a jikin fatar da kuma inda za ta zauna, ki jira kamar minti goma har ya daina biyo yatsa, sannan ki haɗa ki danna da ƙarfi. Wuri ɗaya yake ba da dama, in ya kama ba ya matsawa. A tsakar gida za ki yi, nesa da murhu, domin yana kama wuta kuma warinsa na hawa kai. Kuma sai bayan gashi ake sa ƙafafu, kada ki kuskura ki juya tsarin. Ki kife tayil ɗin a kan tsumma mai laushi, ki ɗora masa littattafai ya kwana.

In na kyauta ne ko na sayarwa, ki kai wa kafinta ya yanka miki falankin da ya ɗara tayil ɗin da santimita ɗaya kowane gefe, ya yi masa ɗan baki, a zaunar da tayil ɗin a ciki. Katakon na tare zafi, yana kuma kare kusurwoyi daga ɓantarewa in ya faɗi.

Kafin ki ba kowa, ki gwada. Ki kankari gefen zanen da farce, bai kamata ya nuna ko alama ba. Ki tafasa ruwa a buta, ki ɗora minti goma a kan wani guntun leda, ki ɗaga. Butar ta tashi ita kaɗai, ledar kuma in kin taɓa ta ɗumi kawai za ki ji. In ta yi zafi, ƙafafun sun yi gajarta, ki ƙara musu fata. In kina yin da yawa don rabon biki, ki gwada ɗaya daga kowane gashi, ki rubuta sunan amarya da kwanan wata a gefe ko a jikin katakon.

Wanki da soso mai laushi ne da ruwan sabulu, a goge fuskar kawai, kada a jiƙa shi a baho don fatar da gam ɗin ba sa son ruwa. Baƙin tukunyar da zai taru a farar tsakiyar, ɗan toka a jiƙaƙƙen tsumma na fitar da shi, ki dai tsaya a cikin da'irar. Duk wadda kika ba, ki faɗa mata abu uku da baki: ba a yanka albasa a kansa, ba a zuba abinci a kan zanen, kuma in 'yar aikinta ko ɗiyarta mai son soson ƙarfe ce, ta ɓoye shi ranar wanke-wanke.